Jelar Tsirkiya

Yayana makaɗin jita ne, kuma in ka taɓa zuwa biki a unguwarmu ko maƙwabtanta, ka gan shi ko da ba ka san shi ba. Shi ne siririn dattijon nan da ke zama ta hannun hagu a dandamali, kusa da mai ganga, wanda kan jitarsa ya yi buzu-buzu da wayoyi. Duk wanda ya ɗaura wa jita sabuwar tsirkiya, akwai ragowar waya da ke saura a sama, bayan an zura ta a hudar kunnen da ake murɗawa an ɗaure. Masu tsafta sukan sa filaya su datse ta. Yaya kuwa nannaɗe kowace yake yi kamar zobe, ya bar ta nan tana lilo. Shi ya sa 'yan ƙungiyarsu suka sa masa Mai Jela, da ya yi furfura aka ƙara masa girma ya koma Baba Mai Jela, kuma amsawa yake yi har da ɗaga hannu.

Ni ce autar gidanmu, ɗinki nake yi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo ta yi aure a nesa, da nawa mijin ya bi sahu sai muka koma gida ɗaya: ɗakinsa, ɗakina, da ɗan falo a tsakani wanda keken ɗinkina ya cinye rabinsa. A falon nan yake rataye jitar, a ƙusa, dab da igiyar da nake ɗora yadin mutane. Jelar nan ta zare wa yadi zare ba sau ɗaya ba, ta taɓa huda mini yatsa, ta taɓa kama mini ɗankwali ina wucewa ta bar ni kai a buɗe gaban baƙuwa. Kullum sai na yi masa masifa, na ce mutum da girmansa yana yawo da abu kamar tsintsiyar da ta ƙare. Shi kuma ba ya faɗa. Sai ya yi murmushi ya ce in bar masa jelarsa, ba ta ci mini abinci ba.

Abin yana da asali, ba zan ɓoye ba. Babanmu kafinta ne, ya so Yaya ya gaje shi, Yaya kuwa da guntayen katakon shagon da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Baba bai doke shi ba, magana kawai ya daina yi masa in ana cin abinci, wanda ya fi duka ciwo. Da ya zama saurayi sai ya bi wani shugaban makaɗa da kowa ke kira Maigida, kuma bai taɓa barin ƙungiyar nan ba. A zamaninsu tsirkiyar jita ba a samunta a gari, sai an jira mai tafiya ya taho da ita. To ita kuma tsirkiya a ƙasa take tsinkewa, wajen da hannu ke bugu. In kana da jela a sama, sai ka warware kunnen, ka jawo ragowar ƙasa, ka murɗa bakin a jikin ɗan ƙaramin noti, ka saƙala a tsagar ƙarfen da ke gindin jitar, ka sake saitawa. Yaya yakan gama wannan kafin mawaƙi ya gama gaishe da manyan baƙi. Tsirkiya ɗaya sai ta yi masa rai uku.

Daga baya kaya suka yawaita, kowane shagon kayan lantarki akwai tsirkiya a leda. Sa'o'insa duk suka fara datsewa, shi ya ƙi. Na ɗauka taurin kai ne irin na gidanmu, don mu duka mun gada.

Wani yammaci na ɗago daga keke na gan shi zaune a kujerar roba da sabuwar tsirkiya a hannu, yana neman hudar kunnen. Bakin wayar sai zagaye hudar yake yi. Ya kai, ta zame, ya sake kaiwa, ta sake zamewa. Na yi kamar ban gani ba na ci gaba da taka keke, amma a raina na tuna shayin da yake zubarwa a faranti 'yan kwanakin nan, da maɓallin rigar da ya daina ɓallawa na wuya. Can sai ya ce, tunda ni kullum cikin zura zare a allura nake, in zo in taimaka, idonsa ne ya fara gajiya. Na ce masa ba ido ba ne, Yaya. Bai musa ba. Ya miƙo hannun damansa a iska ya bar ni na kalla, yatsun suna karkarwa su kaɗai.

Mun je asibiti. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce za su rage gudun abin amma ba za su tsayar da shi ba. A hanyar dawowa Yaya ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, har 'yarsa. Sannan ya yi mini bayani. Ya ce in yana kiɗa, hannun yana kwance a jikin jitar, rawar ba ta cika fitowa ba. In tsirkiya ta tsinke ma, aikin ƙasa ne, zai dafa tsintsiyar hannunsa a kan katakon ya murɗa ya saƙala, ba mai lura. Sama ce ba shi da abin dafawa, hannu a iska yake, hudar kuma ƙarama. Muddin jelar na nan, ba zai taɓa neman hudar nan a gaban mutane ba.

Daga ranar na daina masifar jela, igiyar yadin na matsar. Duk tsirkiyar da ta ƙare gaba ɗaya, ni nake zura sabuwa a gida, in bar masa jela doguwa fiye da ta da, shi ya nannaɗe. Tsoro ne ya kama ni, kuma ban san wa zan kai wa ba. Na san mutumin nan. Ranar da babu biki, zama yake yi a ƙofar gida yana kallon masu wucewa kamar wanda aka ajiye aka manta. Ranar da akwai kuwa, tun safe yake aske, yana tambayata ko na goge riga, yana tsokanar mai kayan miya ta taga. Kujerar nan ta hannun hagu ita kaɗai ta rage masa a duniya wadda in bai zo ba za a ga gurbi.

Ana haka Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ya karɓi ƙungiyar. Manaja ake ce masa. Na so ƙwarai a ce mugu ne, da na samu wanda zan tsana in huta, amma yaro ne mai ladabi, Baba yake ce wa Yaya, ni kuma Inna, ba ya shiga gidanmu hannu rabbana. Shi dai yana son abu ya fito tsaf. Ya kawo riguna iri ɗaya, ni ce ma na ɗinka su, ya kawo fitilu masu launi, ya ɗauko mai kyamara da ke bin su ko'ina. Ya taɓa yi wa Yaya maganar jelar cikin wasa, ya ce a bidiyo kamar jitar ba ta taje kai ba. Yaya ya ce ai ta girmi bidiyon, aka yi dariya aka bar zancen.

Sai ranar da mawaƙiyarsu ta sunkuya za ta ɗauki ruwanta a gefen kujerarsa, shi kuma ya juya zai yi wa mai ganga magana. Bakin jela ɗaya ya warware ya karce ta a ƙasan ido. Ciwon ba babba ba ne, amma da ya ƙara hawa kaɗan da sai dai a ce Allah ya kyauta. Ta yi kuka, mijinta ya zo ya yi ta faɗa, kuma ban ga laifinsu ba. Yaya ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba.

Washegari Manaja ya zo. Ya zauna a bakin kujera, ya daɗe yana gaisuwa da tambayar jiki da aiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Ko dai a datse, ko jitar ta zauna a gida. Na riga na yi wa mijinta alkawari."

Na ce zan ɗinka wa kan jitar 'yar jaka a rufe wayoyin. Ya ce to ta ina za a riƙa murɗa kunnuwan, kuma a hoto za ta fito kamar wadda aka ɗaure wa rauni. Na ce a naɗe bakin kowace da salatif. Ya ce Inna, tsirkiya fa yanzu ko ta tsinke sau goma a rana ƙungiya ce za ta saya, me ya rage wa jelar nan na amfani? Amsar tana bakina, har na buɗe shi. Yaya ya kalle ni, kallon da yake yi mini tun ina yarinya in zan tona shi wajen babanmu, na mayar da kaina kan keke. Ya ce wa Manaja ba komai, magana ta ƙare, za a datse.

Manaja ya tafi. Na ce wa Yaya ya faɗa musu gaskiya kawai, mutanen nan nasa ne. Ya ce nasa ne mana, shi ya sa in suka ji za su ce Baba ya huta, su riƙa aiko masa da gaisuwa. In an datse kuwa, wataƙila a yi shekara tsirkiya ba ta tsinke a gaban jama'a ba. Ya ɗauko filayarsa ya gwada, bakin filayar ya kasa tsayawa wuri ɗaya, sai ya miƙo mini. Ni da na shekara ashirin ina roƙon a yanke abin nan, ranar da na yanke shi hannuna nauyi ya yi mini. Na share guntayen na zuba a gwangwanin ɓatattun allurai don kada wani ya taka.

Muka shiga dabara. Kafin kowane biki ina duba tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fara baƙi ko tsatsa in canza ta a gida. Na kuma fara bin su wajen kiɗa, ni da ban damu da taro ba, in nemi kujera kusa da gaba, da sabuwar tsirkiya a jakata. Ban san amfanin da za ta yi ba, tunda ya riga ya hana ni hawa dandamali ko me ya faru. Ya ce ranar da aka ga mai ɗinki tana ɗaura wa Mai Jela tsirkiya, ai ba sai an yi wa kowa bayani ba. Haka nake zama, mutane na rawa ni ina kallon tsirkiyoyin jitarsa. Watanni suka wuce lafiya, har na fara sakin jiki.

Ranar da abin ya faru, walimar ritayar wani ma'aikaci ce a babban zauren taro, da rana tsaka, fankoki na juyawa amma zafi ya ƙi fita. An kafa babban allon talabijin a bango don na baya su ga dandamali. Ana tsakiyar waƙa, siririyar tsirkiyar ta ƙasa ta tsinke. Na ji ƙarar kafin in gani. Yaya ko girgiza bai yi ba, ya ƙarasa waƙar da biyar ɗin da suka rage, ba wanda ya gane in ba makaɗa ba. Na yi ajiyar zuciya, na ce shi ke nan, zai lallaɓa da biyar har a tashi.

Manaja ne ya ɓata, kuma da kyakkyawar niyya. Da aka tsaya don a raba lemo, ya fito da sabuwar tsirkiya daga aljihu, ya ɓare ledar da kansa, ya ɗauki makirufo ya ce jama'a su kalli allo su ga yadda gwanin gwanaye ke ɗaura tsirkiya, mutumin da tun kafin a haife shi yake wannan aiki. Aka yi tafi. Mai kyamara ya matso har gwiwarsa na taɓa ta Yaya.

Yaya ya karɓa. Ya saƙala gindin a tsagar ƙasa lafiya lau. Sannan ya ɗaga ɗaya bakin zuwa sama, sai ga hannunsa a allo, ya fi faranti girma, kowace jijiya a fili, da bakin wayar yana zagaye hudar. Ya kai, ta zame. Ya sa hannun hagu ya riƙe na dama, duka biyun suka ɗauki rawa. Wani a baya ya yi dariya yana zaton wasa ne, da ya ga ba wanda ya taya shi ya yi shiru. Na miƙe tsaye, jakata a hannu. Yaya bai ɗago ba, amma ya girgiza kai kaɗan, kuma na san da ni yake. Na koma na zauna. Aikin da nake yi ido rufe, taku kaɗan tsakanina da shi, ina zaune ina kallon yayana a allo kamar kowa.

Mai ganga ne ya tashi, tsohon abokinsa, wanda suka fara tare tun zamanin Maigida. Ya zo ya tsaya ya ba kyamarar baya, ya karɓi wayar ya zura, ya murɗa. Aka ci gaba da kiɗa. Yaya ya kaɗa har ƙarshe kansa a ƙasa.

Na jira a zo a sallame shi, na ma shirya maganganun da zan gaya wa Manaja. Ba wanda ya zo da wannan. Manaja dai ya zo da ledar lemo da ayaba, ya tambayi sunan maganin da ake sha, ya yi ta ba da haƙuri a kan kyamarar har idonsa ya yi ja. Mako na gaba aka kawo wani makaɗin jita, magidanci mai sanyin hali, aka ce zai riƙa taimaka wa Baba. Aka ɗauke Yaya daga hannun hagu aka dawo da shi tsakiya, gaba-gaba, aka saya masa kujera mai hannu. Duk biki sai an kira sunansa an yi masa tafi kafin a fara. Na ce ashe na zalunci yaron nan a zuciyata. Yaya ya ci gaba da aske tun safe, ni kuma na ci gaba da bin su don na saba.

A wani bikin aure ne, kujerun gaba sun cika, aka zaunar da ni a gefe, inda nake hango bayan lasifikoki. Idona ya bi igiyar da ta fito daga jitar Yaya. Ta sauka, ta bi ƙasan kujerarsa, ta zagaya bayan babbar lasifika, sai ga bakinta a ƙasa a kan siminti, ba a cusa shi a komai ba, har an ɗora masa kwalbar ruwa don kada ya motsa. Na kalli Yaya, yatsunsa na tafiya, yana kaɗa kai, yana yi wa mawaƙiya murmushi. Na kasa kunne. Jita ɗaya ce ke fita a zauren nan, kuma ba tasa ba ce.

Ban jira an tashi ba. Na samu Manaja a bayan zaure wajen janareta, na wanke shi tas, na ce da ubansa na da rai da bai yi wa Yaya wannan wulaƙancin ba. Ya tsaya ya saurare ni har na gaji.

"Inna, ki faɗa mini abin da zan yi, wallahi zan yi," in ji shi. "In na ce ya zauna a gida, kin fi ni sanin abin da zai same shi. In na haɗa jitarsa da lasifika, masu biki suna kirana suna ƙorafi. Ke ma kina ji."

Ina ji kuwa. Tun kafin a datse jelar nake jin yadda Yaya yake tuntuɓe in kiɗa ya yi sauri, na dai ƙi yarda ne. Manaja ya roƙe ni kada in faɗa wa Baba, ya ce dukansu sun haɗa baki a kan haka, har mai ganga. Na juya na koma kujerata, na zauna har aka gama, ina tafi in an yi tafi.

A ƙafa muka dawo, don ba nisa, rana ta yi sanyi. Yana rataye da jitar a jakarta, yana ba ni labarin yadda uwar amarya ta taka rawa har takalminta ya cire. Ni kuwa ko kallonsa na kasa yi. Ban sani ba ko in faɗa in karya shi, ko in yi shiru in zama ɗaya daga cikin masu yi masa wasa da hankali. Da muka zo bakin titi muna jiran motoci su wuce, ya daina labarin.

"Na gan ki kin fita wajen Manaja," ya ce. "Auta, tun ina saurayi nake jin kaina a lasifika. Kina ganin za a cire ni in kasa ganewa? Tun ranar farko na sani."

Na ce to me ya sa yake zuwa, me ya sa yake zama yana murmushi.

"Kada ki bari su gane na sani. In suka gane, kunya za ta hana su sake kirana."

Motoci suka tsagaita. Na karɓi jakar daga kafaɗarsa, bai hana ni ba, muka tsallaka. Da muka kai ɗaya gefen ya tambaye ni ko zan samu lokaci in goge masa rigar ranar Asabar, na ce zan goge.